Ƙafar Hagu a Majigin Damari

A shekarun nan da kuɗin mai suka yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta zuba su, ni ma an ba ni nawa rabon: lasifika. Aikina shi ne in bi motar majigi ƙauye-ƙauye, daga Kankara zuwa Faskari har can ƙasar Sabuwa. Idan an kafa farin ƙyalle an kunna inji, sai in tsaya gefe in riƙa gaya wa jama'a abin da suke kallo. Fina-finan da Turanci suke zuwa mana, wasu ma ba murya sam, hoto ne zalla. To ni ne muryar. An ɗauke ni aikin ne bayan wani babba ya ji ni ina ba da labari a wurin suna, ya ce mutumin da zai iya mai da ɗan akuya raƙumi cikin numfashi ɗaya bai kamata a bar shi yana yi kyauta ba.

Mu biyu ne a motar, ni da direba. Ɗan Faskari ne, kuma taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Shi ke tuƙi, shi ke kunna injin wuta, shi ke ɗaura fim. Tun muna yara yake zagina don Allah, ga shi yanzu gwamnati ta haɗa mu mota ɗaya tana biyansa.

Salon aikina ba wuya. Idan katafila ta fito sai in ce wannan da kuke gani tudu guda take cinyewa kafin kalaci. Idan jirgin ruwa ne, in ce duk Kankara da kasuwarta za su shige ciki, har a rage wa Daudawa wuri a baya. Tsakanin wannan da wancan kuwa sai in cike da "ga shi nan" da "kun gani ko" da "ku dubi wannan". Mutane na jin daɗi. Akwai dai ranar da sarkin makafin Kankara, wanda ba ya fashin zuwa shi da mutanensa, ya tare ni bayan an tashi ya ce:

"Kai mai lasifika, wanga 'ga shi nan' naka tun bara muke jin shi. Har yau ba ka hwaɗa mana ko mine ne ba."

Na tambaye shi, to ranka ya daɗe me ke kawo ku? Ya ce ƙarar inji da masu gyaɗa.

Ana haka aka aiko mana sabon fim, na wata gada da ake ginawa a Ikko. Muka fara haska shi a filin makarantar firamare. Na ce wa jama'a tsawon gadar nan idan ka hau da azumi sai ka sha ruwa ba ka kai tsakiya ba. Maiɗakina ta zo kallo tare da matan unguwa, suna can baya. Da na koma gida na tarar tuwona a rufe, ita kuma tana zaune ba ta ko cire mayafi ba. Na ɗauka wani ne ya rasu. Sai ta ce:

"Malam, Yaya na cikin fim ɗin nan."

Yayan nata shi ne ɗan farin gidansu a Damari. Ya tafi ci-rani kudu, ranin ya wuce, damina ta zo ta wuce, wasu suka biyo bayanta, shiru. Labari ɗaya aka taɓa samu, daga bakin wani mai fataucin goro, wai ya gan shi zaune a bakin titi da ƙafa a naɗe, kuma wai an ce yanke ta za a yi. Abin da ya sa maganar ta kama mutane, tun yana yaro kurkunu ya ɓata masa ƙafar hagu, ya bar masa gyambon da ke tashi duk damina. Tun daga ranar da labarin ya zo uwarsa, Inna, ba ta sake ƙiba ba.

Mahaifinsu kuwa, surukina, Baba, idonsa ya rufe tun kafin yaron ya tafi. Yana zaune ƙofar gida yana tufkar igiyar rama, ya san takun kowa a garin har da na jakuna. Shi bai taɓa tambayar labarin ba, kuma ba zai tambaya ba, don ɗan fari ne. Baba irin mutanen dā ne: bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, idan aka fara zancensa sai ya lalubi sandarsa ya ce zai je duba tumaki. Maiɗakina ta ce ko lokacin da gyambon ke tashi, ba ya cewa komai, sai dai a wayi gari a ga ganyen magani a bakin ɗakin Inna kamar wani ya manta shi.

Ni kuma tsakanina da Baba akwai tawa kunyar. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Idan zan gaishe shi tun daga Sabuwa nake tuɓe takalmi. Duk maganar da muka taɓa yi da shi, idan aka tara, ba za ta cika ludayi ba.

Maiɗakina ta ce sai mun kai majigin nan Damari. Na ce mata ai ita ta gani, ta je ta gaya wa Inna, Inna ta gaya masa. Ta ce ba zai tsaya ya ji ba, ko ya ji zai ɗauka lallashin mata ne, kuma ita ma wucewa ɗaya ta gan shi daga nesa. Amma majigi na kowa ne. Mutum zai iya zama cikin jama'a ya saurara, ba wanda zai ce ɗansa ya zo ji. Na ce to ai mutumin nan ba ya gani. Ta dube ni ta ce ba aikin da ake biyana ke nan ba? Sannan ta ƙara da abin da ya hana ni cin tuwon:

"Amma don Allah wannan karon kada ka sa gishiri. Baba ya san ka."

Samun izini bai ba ni wahala ba. Na gaya wa maigidanmu a ofis cewa mutanen Damari ba su taɓa ganin gada ba, har suna musun akwai ta. Ya ce lallai a je a wayar da su. Maiɗakina ta riga mu tafiya a motar 'yan kasuwa don ta shirya Inna.

Hanyar Damari a lokacin, ramukanta suna da nasu ramukan. Muna tafe muna tsalle taubashi na ba ni shawara. Ya ce in ce yayan nata shi ne heluma, wato shugaban leburori, Turawa na cire masa hula, yana da agogo hannu biyu. Ya ce tsoho makaho, wa zai ƙaryata ni? Na ce duk Damari, tunda sauran suna da ido. Ya ce mutanen Damari ba za su tona ba, kuma wai ni da na sa Kankara cikin jirgin ruwa yau ni ke tsoron agogo. Na tambaye shi ko zai iya tsayar da fim ɗin a daidai wurin, don fitowar yaron atishawa ta fi ta tsawo. Ya ce in ya tsayar, zafin ƙwan fitilar majigin zai ƙona fim, mu koma Kankara da toka. Abin da zai iya kawai shi ne ya mayar baya ya sake.

Mun isa da la'asar. Bayan mun gaida mai gari na je na durƙusa can nesa da Baba, inda murya za ta iya kaiwa da ƙyar. Ya tambayi hanya, ya tambayi aiki, na ce alhamdulillahi. Ya ce ya ji an kawo abin kallo, shi ba shi da abin yi da shi, amma maƙwabcinsa ya matsa masa ya raka shi. Maƙwabcin na zaune gefe, daga ganin fuskarsa lokacin ya fara jin labarin.

Da duhu ya fara muka ɗaure ƙyalle tsakanin itatuwa biyu a gaban gidan mai gari. Iska na kaɗa ƙasansa, yara sun cika gaba. Aka shimfiɗa wa Baba buzunsa daidai ƙarƙashin lasifika, ya zo da ramarsa, ya ci gaba da tufka kamar a ƙofar gidansa yake.

Muka fara da fim ɗin takin zamani, na ce bari in gwada hannu. Sai na ji kaina ina cewa a gefen hagu akwai mutum tsaye da farar riga, ya sunkuya, ya ɗebi taki da tafin hannu, fari ne kamar gishiri, yana zubawa nesa kaɗan da gindin masara. Wani saurayi ya ɗaga murya ya ce ai suna gani. Wani dattijo ya ce masa ya rufe baki. Ashe abin da wuya. Shekaru ina aikin nan ban san ban taɓa duban ƙyallen sosai ba, don mai ƙara gishiri ba ya bukatar ɗanɗana miya.

Aka sa fim ɗin gada. Ruwa, ƙarafa, injuna. Na faɗi girman kowane abu yadda yake, harshena na ƙaiƙayi. Sai ga leburori sun jero da kwanonin kankare a kai suna hawa wani katako. Na buɗe baki na ce "jama'a", kafin in ce wani abu har an koma nuna ruwa. Amma Damari ta gani. Filin ya yi wani irin gunaguni, wata mata ta fara guɗa aka toshe mata baki. Ba wanda ya ambaci suna, don ga uban a zaune.

Taubashi ya kashe inji ya sanar da cewa an sami 'yar matsala, sai an mayar baya. Ba wanda ya yi ƙorafi, a garin da mutane suka yi tafiyar ƙafa daga rugage don kallon nan. Ya mayar, ya kunna. Na ce:

"Jama'a, ga ma'aikata nan a jere. Akwai wani dogo a tsakiyarsu, baƙi, da singileti. Kwanon sarki ne a kansa cike da kankare, ya yi gammo da tsumma."

Ya wuce. Inji ya sake samun matsala. A zagaye na gaba na ce hannuwansa biyu duk suna riƙe da kwanon, kuma lafiyarsu ƙalau. Na gaba na ce ya tsayar da gemu, ɗan kaɗan, a haɓa kawai. Taubashi na raɗa mini "heluma, heluma" ta bayan inji. Na ce ba shi ne babba a wurin ba, lebura ne kamar sauran, amma ba shi ne na baya ba. Na ce ya rame, sai dai ramar aiki ce, ƙashin wuyansa ya fito amma damtsensa a cike. Wannan ita ce ta fi yi mini nauyi, don da an bar ni da na yi masa tumbi. Na ce yana karkata wuya dama idan yana tafiya, irin na wasu mutane. A karo na ƙarshe na lura da abin da ban gani ba a baya: yana kaiwa kan katakon ya juya ya yi wa wani dariya, wanda hoto bai nuna ba, wushiryarsa a waje. Na faɗi haka.

Ban san sau nawa injin ya lalace ba. Yaran gaba dai sun haddace, suna rigana faɗin "singileti". Ina satar kallon Baba. Tun zagaye na biyu hannunsa ya tsaya, ramar na kan cinyarsa. Da aka bar fim ɗin ya ci gaba, sai ya ce wa maƙwabcinsa da ƙarfi, yadda kowa zai ji, injin gwamnati ba shi da ƙwari, ya kamata a canza masu shi. Ya lalubi sandarsa ya tafi tun ba a gama ba.

Na kwana ina ganin na gama aikina. Da hantsi muna ɗaure kaya sai ga maiɗakina. Ta ce da safe Baba na alwala, ya ce da Inna, ba tare da ya juyo ba, ko mutanen nan masu gada gwamnati na ba su takalmi? Inna ta gaya mata, ita kuma ga ta.

Na tsaya riƙe da igiyar lasifika. Na yi gemu, na yi wushirya, na yi singileti, na bar ƙafa, abin da ya kawo mu. Na tambayi taubashi, ya ce shi inji yake kallo. Na tambayi maiɗakina, ta ce ƙasan ƙyallen na ta kaɗawa ga kawunan yara, kuma ita fuskarsa take kallo. Duk Damari fuskarsa take kallo. Ba za mu iya sake kwana ba, ana jiranmu a Daudawa, kuma majigi ba ya haskuwa da rana.

Taubashi ya yi tsaki, ya buɗe gwangwanin fim ɗin, muka koma gindin wata ɗorawa. Ya riƙa warware shi a hankali, ni ina ɗagawa sama ina duba shi a hasken rana. Kowane hoto bai fi farcen babban yatsa ba. Ruwa, ruwa, ƙarfe, ruwa. Na duba ruwan Ikko har na fara jin ƙishirwa. Can muka iso kan leburorin. Ga dogon nan, ƙarami kamar kwarkwata, amma shi ne. Sai dai mai ɗaukar hoton ya yanke su daga gwiwa, duk jerin ba mai ƙafa. Na ci gaba da bi ɗaya bayan ɗaya, idona na hawaye. Daidai inda ya ɗaga ƙafa zai taka katakon, ƙafar ta shigo cikin hoto. Ba ta daɗe ba, 'yan hotuna kaɗan ne. Takalmin roba ne mai dogon wuya, ya yi dumu-dumu da siminti. Na juya fim ɗin, na daidaita shi yadda yake fitowa a ƙyalle, na gwada da tawa ƙafar har taubashi ya tambaya ko rawa nake koyo. Ta hagu ce. A hoto na gaba ya ɗora nauyinsa da na kankaren duk a kanta.

Maiɗakina ta karɓa ta duba, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Taubashi ya ce shi ke nan, in ce takalma ƙafa biyu, don ba mahaukacin da zai sa na hagu ya bar na dama. Maganarsa gaskiya ce, kuma abin da ya ba ni haushi ke nan. Na ce ɗaya na gani. Ya ce lallai duniya ta zo ƙarshe.

Saura yadda za a isar. In na bi ta hannun Inna, ya zama lallashin mata. In je in durƙusa in ce Baba ɗanka na da takalmi, gara ƙasa ta tsage in shige. Saboda haka muka ɗora lasifika kan mota kamar yadda muka saba idan za mu bar gari, taubashi ya bi ta layinsu a hankali. Baba na ƙofar gida shi da maƙwabcinsa, yana tufka. Na gode wa mai gari, na gode wa jama'a, na tunatar da su a sa taki nesa da gindin masara. Da muka zo saitin gidan na ce:

"Sanarwa ga jama'ar Damari. An sake duba fim ɗin gada da rana. Dogon ma'aikacin nan mai kwano, ƙafarsa ta hagu tana cikin takalmin roba, kuma da ita ya taka katako. Ta dama ba ta fito a hoto ba, ba mu gan ta ba. Sanarwa ta ƙare."

Wata tsohuwa da ke shanyar kuɓewa ta bi mu da kallo. Baba bai ɗago ba. Muka kama hanyar Daudawa.

Maiɗakina ta tsaya can ta yi kwanaki. Ni kuwa abin ya bi mini baki. A Daudawa da Faskari da Kankara na ci gaba da faɗin wane ne a hagu, wane ne a dama, me ya sa, me ya riƙe, har da ƙafafu in sun fito. Masu ido suka fara ƙorafi wai na cika surutu. Makafin Kankara kuwa suka matso da tabarminsu gindin lasifika, masu gyaɗa suka yi asarar ciniki. Sarkin makafin ya sake tare ni ya ce yanzu kam ana gani, sai dai jirgin ruwan nan ya ƙanƙance ƙwarai, in da hali a mai da masa ko Daudawa ce a ciki.

Ranar kasuwa maiɗakina ta dawo. Na bari ta huta, ta sha ruwa, na tambayi Inna, na tambayi tumaki, na tambayi amfanin gona, har ta gaji ta ce in tambayi abin da nake son tambaya. Ta ce tana zaure lokacin da muka wuce. Bayan ƙarar mota ta ɓace Baba ya ce wa maƙwabcinsa:

"Mijin yarinyar nan, da ya ce biyu, da na san babu ko ɗaya. Tunda ɗaya ya ce, akwai ta."

Ta ce ranar ya shanye furarsa har ya nemi ƙari, Inna kuma ta yi kitso.

Sai ta kwance ƙullin kayanta ta miƙo mini igiyar rama sabuwa, doguwa, tufka mai kyau. Ta ce Baba ya ce ba ni ya ba, gwamnati ya ba. A riƙa ɗaure ƙasan ƙyallen nan da ita, a daina barin iska na tafiya da ƙafafun mutane.